Maganin ƙwari: ma'aunin mai feshi daban, ma'aunin iyali daban



Duk wanda ya taɓa sayen maganin ƙwari ya ga rubutu a jikin kwalba ko leda. An rubuta yawan da za a zuba a famfo. An rubuta kwana nawa za a jira kafin a ɗebi kayan lambu. Mutane da yawa suna tambaya: wa ya auna wannan? Me ya sa aka ce kwana 7, ba a ce kwana 2 ba? Wasu ma cewa suke yi: "Ni na shekara goma ina feshi, ga ni garau."

Wannan takarda za ta bayyana inda waɗannan lambobi suka fito. Abu ɗaya muke so kowa ya riƙe: ma'auni biyu ne. Akwai na mai aiki da magani, akwai na sauran jama'a. Wanda ya gama su wuri ɗaya, iyalinsa ne za su biya.

Dafi da yawansa

Duk maganin da ke kashe ƙwari dafi ne. Da ba dafi ba ne, da bai kashe su ba. Abin da ke sa ya cuci mutum ko ya bar shi, shi ne yawan da ya shiga jiki, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana shiga. Ko kanwa da gishiri, in sun yi yawa, suna ɓata ciki.

Hanya uku magani ke bi ya shiga jiki: baki, hanci da fata. Ga mai feshi, fata ce babbar ƙofa. Ga iyali, abinci ne da ruwan sha da iskar ɗaki.

Da miligiram ake auna wannan dafi. A raba kilo kashi 1000, an sami giram. A raba giram kashi 1000, an sami miligiram. Ƙwayar hatsi guda ba ta cika wuce miligiram 10 ba. Ku riƙe wannan ƙwaya a zuci, za mu yi lissafi da ita.

Yadda masana ke samo ma'auni

Yawanci ba a gwada dafi a kan mutane. Kafin a yarda a sayar da sabon magani, ana gwada shi a kan dabbobi, yawanci ɓeraye. Ana raba su garke-garke. Garke ɗaya ba a ba shi komai. Na biyu a ba shi kaɗan cikin abinci, na uku a ƙara, na huɗu a ƙara. Wani gwajin yana ɗaukar shekara 2, wato kusan dukan rayuwar ɓera. Ana duba jininsu, da hanta, da ƙoda, da ƴaƴan da suka haifa.

Daga nan sai a nemo yawan da ya fi girma wanda bai yi wa dabbar lahani ba. Amma ba a cewa mutum ya ci wannan yawa. Ana raba shi kashi 10, don mutum ba ɓera ba ne, yana iya fin ɓera rauni. A sake raba shi kashi 10, don mutane ba ɗaya suke ba: akwai jariri, akwai tsoho, akwai mai ciki, akwai marar lafiya. Goma sau goma, ɗari ke nan. Masana biyu na hukumar abinci da magunguna ta Amurka ne suka bayyana wannan ƙa'ida ta kashi 100 a shekarar 1954, kuma har yau da ita ake aiki a yawancin lissafin.

Abin da ya rage bayan wannan rabo, shi ne yawan da mutum zai iya ci kowace rana, duk rayuwarsa, ba tare da an sa ran zai cutu ba. Ana lissafa shi bisa nauyin jiki, kilo-kilo. Tun shekarar 1963, masanan Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) da na Hukumar Abinci da Noma ta Duniya (FAO) suke zama tare don wannan aiki.

Me ya sa ma'auni ya zama biyu

Idan masana za su yanke ma'aunin ma'aikaci, ga mutumin da suke sa wa gaba: babba ne, mai lafiya. Yana aiki awa 8 a rana, awa 40 a mako. In ya tashi aiki, yana wanka, ya tafi gida ya shaƙi iska mai kyau, jikinsa ya huta ya fitar da abin da ya shiga. An koya masa aikin, kuma yana da kayan kariya.

Ma'aunin jama'a kuwa, wani lissafi ne. Mai jego da jaririnta suna cikin gida awa 24 a rana, awa 168 a mako. Wannan ya ninka lokacin ma'aikaci fiye da sau 4, kuma babu hutu. Ba su da takunkumi, ba su da safar hannu, sau da yawa ba su ma san akwai magani kusa da su ba. Yaro kuma, in aka gwada da nauyinsa, ya fi babba shaƙar iska, ya fi shi cin abinci da shan ruwa. Yana rarrafe a ƙasa, yana kai hannu baki. Ƙwaƙwalwarsa da ƙashinsa suna cikin girma.

Shi ya sa ma'aunin jama'a yake ƙanƙane ƙwarai. Ba a aza wa ɗan jaki kayan raƙumi.

Ƙwayar bom a ɗakin kwana

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani: ƙwayar Phostoxin, wadda wasu ke kira bom, da ake sa wa buhunan wake da masara. Ƙwaya guda giram 3 ce. Da zarar ta sha danshin iska, sai ta fara sakin wata iska mai dafi da ake kira fosfin. Kowace ƙwaya tana sakin giram 1, wato miligiram 1000.

A ƙasashen Tarayyar Turai, ma'aunin ma'aikaci na awa 8 shi ne kashi 1 na fosfin cikin kashi miliyan 10 na iska. Kamar a ce ƙwayar hatsi guda cikin buhu mai kilo 100. In aka auna da nauyi, miligiram 0,14 ne cikin litar 1000 ta iska, wato iskar da za ta cika ganga 5 masu litar 200. Hukumar kare muhalli ta Amurka kuma ta lissafa wa jama'a, masu shaƙa dare da rana duk rayuwarsu, miligiram 0,0003. Wannan ya gaza na ma'aikaci fiye da sau 400.

To, ga ɗaki mai tsawon mita 4, faɗi mita 3, tsayi mita 2 da rabi. Iskar cikinsa litar 30 000 ce. Idan iskar ƙwaya guda ta taru a wannan ɗaki, kowace litar 1000 za ta ɗauki miligiram 33. Ya wuce ma'aunin ma'aikaci fiye da sau 200. Ƙwaya 3 kuwa sun wuce yawan da masana suka ce yana iya ɗaukar rai nan take.

Buhun saƙa ba ya riƙe wannan iska. Tana fita, tana bin tsagar bango, tana ratsa asabari da zana, ta shiga ɗakin da ke kusa. Wani lokaci ana jin wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma hanci ba ma'auni ba ne, mai barci kuma ba ya jin wari. Babu makarin wannan dafi a gidan likita. Don haka bom aikin mangaza ne da ke nesa da gidaje, a hannun wanda aka koya wa. Ba ta da wuri a gidan da mutane ke kwana.

Mai son adana wake yana da wata hanya. Buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS, ya fara yaɗuwa a ƙasarmu tun 2007, kuma masu binciken INRAN na Maraɗi sun yi aiki a kansa. Leda biyu masu kauri ne a ciki, buhun saƙa a waje. In aka ɗaure kowace leda da kyau, iska ta ƙare wa ƙwari, su mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba.

Darasin Tibiri

Mutanen jihar Maraɗi sun ga abin da ke faruwa idan aka wuce ma'aunin jama'a, ko da ba maganin ƙwari ba ne. OMS ta ce sinadarin da ake kira fuluwor kada ya wuce miligiram 1,5 cikin litar ruwan sha. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen shekarar 2000, mutanen garin Tibirin Gobir sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi wanda fuluwor ɗinsa ya ninka wannan ma'auni sau 3 zuwa 4.

Ruwan ba shi da wari, ba shi da launi. Babu wanda ya sha ya faɗi nan take. Manya da yara ruwa ɗaya suka sha, amma yaran da ƙashinsu ke cikin girma su ne suka fi jin jiki. Haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, ɗaruruwan yara suka nakasa. Wannan ya ishe mu amsa ga mai cewa "ni ga ni garau". Ba don ƙato mai ƙarfi ake yanke ma'aunin jama'a ba. Don mafi rauni a gida ake yanke shi.

Ragowar magani cikin abinci

Bayan feshi, magani ba ya ɓacewa rana ɗaya. Rana da iska da ruwa suna rage shi sannu-sannu. Masana suna fesa shi a gonar gwaji daidai yadda aka rubuta, su riƙa ɗiban ganye da ƴaƴa kowace rana suna aunawa. Da haka suke gano ranar da ragowar ta sauka ƙasa da iyakar da aka yarda. Daga nan aka samo kwanakin jira da ke jikin kwalba. Wani magani kwana 3 ne, wani 7, wani 14, wani 21. Kuma magani ɗaya yana iya bambanta daga tumatir zuwa shu.

Mu yi lissafi da piya-piya, wanda sunan dafinsa diklorbos ko DDVP. Masanan OMS da FAO sun yanke cewa kada abin da mutum ke ci kullum ya wuce miligiram 0,004 ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Mutum mai kilo 60, rabonsa miligiram 0,24 ne a rana. Wato a raba ƙwayar hatsi kashi 40, a ɗauki ɗaya. Yaro mai kilo 15, rubu'in wannan ne: miligiram 0,06.

A shekarar 2015, Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya saboda piya-piya. Iyakarsu miligiram 0,01 ce cikin kilon wake, amma an sami wani waken da ya kai miligiram 4,6. Giram 100 na irin wannan wake, kafin a dafa, yana ɗauke da miligiram 0,46. Ya ninka rabon wancan yaro fiye da sau 7. Wanki da dafuwa suna rage wani abu, amma babu uwar gidan da za ta iya sanin ko nawa ya rage.

Wannan labari ya shafe mu. Waken Nijar da yawa Najeriya ake kai shi, kuma magungunan da ke kasuwannin Najeriya suna shigo mana ta iyaka. Turawa suna da ɗakunan gwaji a bakin tashoshinsu, suna mayar da kayan da ya wuce ma'auni. A kasuwar ƙauye babu mai aunawa. Abin da manomi ko ɗan kasuwa ya zuba, shi ke shiga tukunya.

Wa ke yanke hukunci a ƙasarmu

Nijar tana cikin ƙungiyar CILSS, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1973 lokacin babban fari. Ƙungiyar ta kafa kwamitin masana da ake kira CSP, mai zama a Bamako, wanda ya fara aiki a 1994. Shi ke duba takardun gwajin kowane magani kafin a yarda a sayar da shi. Maganin da ya sami izini yana da lamba a jikinsa, mai ƙarewa da APV-SAHEL ko HOM-SAHEL. A cikin gida kuma, ma'aikatar kare tsirrai ke kula da wannan aiki, bisa dokar kare tsirrai ta 2015.

Ma'auni yana canjawa idan ilimi ya ƙaru. Tsofaffi sun tuna diyeldirin da aka riƙa yaƙin fara da shi har cikin shekarun 1980. Daga baya aka gane yana daɗewa a ƙasa shekara da shekaru, yana taruwa cikin kitsen dabba da nonon uwa. Yarjejeniyar Istokholm ta 2001 ta sa shi cikin magungunan da duniya ta haramta. Andosulfan, maganin auduga, ƙasashen CILSS sun hana shi a 2007, duniya ta bi sahu a 2011. Parakwat mai kashe ciyawa, an hana shi a ƙasashen CILSS a 2011. Saboda haka maganar "tun zamanin babana muke aiki da shi" ba hujja ba ce.

Maganin da ba shi da lambar izini, ko wanda aka ɗura a kwalbar lemo ana sayarwa a tebur, babu wanda ya san ƙarfinsa. Inda ba a san ƙarfi ba, babu ma'auni.

Mai feshi ma yana da iyaka

Magunguna irin su piya-piya, da malatiyon, da fenitorotiyon da ake yaƙin fara da shi, danginsu ɗaya. Suna danne wani sinadari na jiki da ke sa jijiya ta saki bayan ta yi aiki. Idan ya ragu, jijiya ba ta hutawa. A yaƙin fara irin na shekarar 2004, ƙa'idar FAO ita ce a auna jinin ma'aikaci kafin ya fara, a riƙa sake aunawa. Idan sinadarin ya ragu da kashi 30 cikin 100, a janye mutum daga aikin har jininsa ya dawo daidai, ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau. Jini yana nuna alama kafin mutum ya ji a jikinsa.

Manomin lambu a Jiratawa ko Galmi, babu mai auna masa jini. Sau da yawa ba shi da cikakkun kayan kariya, alhali ma'aunin ma'aikaci da su aka lissafa shi. Ga kuma zafin ƙasarmu: jiki in ya yi zufa, fata ta fi shan magani. Fatar ma ba ɗaya ba ce. Goshi da fatar kai suna sha kusan sau 4 fiye da fatar hannu. Matse-matsi ya fi sau 10. Famfon da ke ɗiga a baya, ya jiƙa riga da wando, ya fi a ce an zuba maganin a tafin hannu. Wanda ke feshi da silifa da gajeren wando da tsakar rana ya riga ya fita daga lissafin masana.

Abin da za a duba a jikin kwalba

Duk wancan dogon lissafi, a ƴar takardar jikin kwalba aka taƙaita shi. Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ku ne idon ƙauyenku. Ku duba abu 5:

1. Lambar izini ta CSP.
2. Launin zanen da ke ƙasan takardar. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Kore ma dafi ne, ƙarfinsa ne ya fi sauƙi.
3. Shukar da aka yi maganin dominta. Maganin auduga ba ya hawa kan salati, shu ko zogale.
4. Yawan da za a zuba. Ninka shi ba ya ninka amfani, ragowar cikin abinci yake ninkawa, kuma kwanakin jiran da aka rubuta ba za su isa ba.
5. Kwanakin jira kafin ɗiba. Da Faransanci ana rubuta DAR.

In rubutun ya gagara, a kai wa malamin gona ko birgadiyen ƙauye kafin a buɗe.

Don kare mai feshi

A yi feshi da sassafe ko da marece, lokacin da babu iska mai ƙarfi, kuma a ba iska baya. A sa riga mai dogon hannu, dogon wando, takalman roba, safar hannu ta roba, hula da abin rufe hanci da baki. Kada a dama magani da hannu. Kada a busa bakin famfo da baki in ya toshe. Ba cin goro, ba shan taba, ba shan fura, sai an wanke hannu da fuska da sabulu. A yi wanka da zarar an gama. Yara da mata masu ciki ko masu shayarwa ba sa feshi, ba sa riƙe famfo.

Don kare iyali da masu saye

Kayan feshi a wanke su daban, nesa da rijiya, kada a gama su da tufafin yara. Magani a kulle shi a wurin da ba ɗakin kwana ba, ba rumbu ba, ba madafa ba. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau 3, a juye ruwan cikin famfo, a huda ta don kada wani ya zuba mai, nono ko ruwan sha. Irin shuka da aka gauraya da magani ba a ci, ba a ba kaji. A hana yara da bisashe shiga gonar da aka fesa har lokacin da takarda ta faɗa. Idan farashin tumatir ya tashi ranar kasuwa alhali kwanakin jira ba su cika ba, a jira kasuwa ta gaba. Wanda zai saya, shi ma ƴaƴa gare shi.

Idan dafi ya kama mutum

Alamomin su ne ciwon kai, jiri, zufa mai yawa, dalalar miyau, amai, zawo, rawar jiki, ƙanƙancewar baƙin ido da wuyar numfashi. A fitar da shi zuwa iska mai kyau. A tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ba shi nono, madara ko mai. Kada a tilasta masa amai. A gaggauta kai shi gidan likita tare da kwalbar maganin, don da sunan da ke jikinta ne likita zai san abin da zai yi.

Ƴan'uwa, masana sun yi nasu aikin, sun auna, sun rubuta. Amma ba sa zuwa gonarmu, ba sa shiga ɗakinmu. Wanda ke riƙe da kwalba shi ne ma'auni na ƙarshe. A karanta wannan takarda a majalisa da taron ƙungiya, a karanta wa mata a gida, don wanda bai iya karatu ba shi ma ya ji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a abin da muka noma.